Matar ƙanena ce aka gano tana da sankarar mama, waɗanda suka taɓa jinyar irin wannan ku faɗa mana ta ina ake kamawa

Yaya Babba: Assalamu alaikum jama'a. Matar ƙanena ce, yarinya ce ko talatin bata kai ba, yaransu uku ƙaramin ma bai gama shan nono ba. An ɗebi tsoka an kai gwaji sakamako ya fito wai sankarar mama ce, likita yace kemo za a fara, wato allurar maganin kansa da ake sawa ta jijiya, kafin a yi maganar aiki. Mijin tela ne, tunda aka faɗa masa ko zaman shago ya kasa. Dangi kowa cewa yake zai taimaka amma ba wanda ya san ta ina za a kama. Dan Allah wanda ya taɓa jinyar wannan ciwo ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam, Allah ya bata lafiya yasa kaffara ne. Ni a jikina aka yi. Yaya kar cikar gida ta satin farko ta ruɗe ku, lokacin nan kuloli har rasa wajen ajiyewa ake yi, amma ana zuwa kemo na uku na huɗu sai ki ga daga ni sai mijina sai ƙanwata da ta ajiye karatunta, kuma a nan ne jiki yake faɗuwa. Ni duk bayan sati uku ake samin, ranar da aka saka da sauƙi, washegari zuwa 'yan kwanaki ne bala'in, amai, bakina duk gyambo, ƙamshin man suya kawai in na ji sai cikina ya juya. Kunun gyaɗa mara kauri da romon kaza su na iya sha. Toh ku raba kwana tun yanzu, wance ita ce mai girkin yara ranar kaza, wane shi zai kai su makaranta, a rubuta. Masu cewa "in kina buƙatar wani abu ki kira ni" wallahi ban taɓa kiran ko ɗaya ba, kunya bata bari. Wadda tazo ta kwashe wankin yara bata tambaye ni ba ita nake yiwa addu'a har yau. Sannan yaye dole ne, ba a shayarwa ana kemo, ku samu wadda yaron ya saba da ita ya fara kwana wajenta tun kafin a fara.

Abu Hanif: Ni matata ce, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika muka yi jinya. Maganar kuɗi zan yi. Ku zaɓi mutum ɗaya mai amana, ba mijin ba, shi zai riƙe akawun ɗin gudummawa da littafi, duk risit a manna. Mu da farko kowa a hannu yake bani, ranar sayen magani in duba in ga rabi ya tafi a cefane da kuɗin mota. Kuma gara mutum ashirin su ɗauki alkawarin dubu biyu biyu duk wata da a tara da yawa sau ɗaya a watse, dan abin nan watanni yake ci. Akwai asusun gwamnatin tarayya na masu kansa da aka fara a 2021, na sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, asibitin koyarwa na ABU da babban asibitin ƙasa na Abuja da asibitin koyarwa na tarayya na Gombe suna cikin waɗanda aka fara da su. Ku tambaya a ofishin walwala na asibitinku, ku cike takardu da wuri amma kar ku zauna jira. Sai jini, kemo na cinye jini, in ya yi ƙasa sai a ɗage allurar. Ku tara samarin gida su san rukunin jininsu tun yanzu.

Shi kuma ƙanin naki ku dinga tambayarsa ya yake. Ni ba wanda ya taɓa tambayata, a mota nake kukana in goge in shiga. Abokan sana'arsa su karɓi ɗinkunan da ya riga ya karɓi kuɗinsu kar kwastomomi su gudu.

Baba Alhaji: Ni dai na ga wadda ta warke da maganin gargajiya, akwai wani mai magani a garinmu, kafin a yanke wa yarinya nono ai gara a gwada.

Anti Nas: Baba Allah ya ƙara girma, amma a yi haƙuri. Ba kowane ƙullutu a nono ne kansa ba, da yawa ba ita bace, shi yasa ake jin wance ta warke. Wannan kuma an gwada an tabbatar. Waɗanda suke zuwar mana nono ya fashe yana ruwa, in ka bi labarin sai ka ji watanni aka yi ana shafe-shafe da jiƙo. Addu'a da ruƙya da zamzam ba wanda ya hana, a yi ta yi, amma kar a bata jiƙo tana kemo, hanta da ƙoda ne ke wahala. Yaya ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye a ɗakin. In ya kai 38 ko tana rawar sanyi, musamman sati na biyu bayan allura, kar a bata farasitamol a kwanta wai maleriya ce, a tafi asibiti ko tsakar dare ne a faɗa musu tana kemo, dan lokacin garkuwar jikinta a ƙasa take. Mai mura ko tari ya yi dubiyarsa ta waya. Ku ɗauki hoton duk takardar gwaji a waya. A kuma yi musu maganar tsarin iyali su biyun, ba a son ciki ana cikin magani.

Maman 'Yan Biyu: Ni ɗana ne, yana shekara shida muƙamuƙinsa ya kumbura muka ɗauka hangum ne, muka koma cewa haƙori, ashe wata kansar yara ce da ake kira Burkitt. Saurin girma gare ta amma tana jin magani sosai, alhamdulillah yana makaranta yanzu. Abin da zan ƙara shi ne sauran yaran. Ina asibiti hankalina na kan ɗaya, babbar 'yata ta koma fitsarin kwance, ashe wata a unguwa ce ta ce mata ƙaninta mutuwa zai yi. Ku faɗa musu da bakinku daidai hankalinsu, Umma bata da lafiya, maganin zai zubar mata da gashi zai kuma fito, kuma ba a ɗauka. Wani kawu ya ɗauke kuɗin makarantarsu gaba ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar sai 2021 aka buɗe wajen gashi, wato ƙone kansa da hasken na'ura, a cibiyar kansa ta Yamai. Da muka kai innata ba maganin ne ya fi bamu wuya ba, masauki ne, dan gashin kullum ake yi Litinin zuwa Juma'a har makonni. In an turo ku wani gari ku fara neman ɗan uwa mai ɗaki kusa da asibitin, kuma a kira a tabbatar na'ura na aiki kafin a hau mota da mara lafiya.

Hajiya Uwa: Wanda ba a faɗa ba shi ne bakin dangin miji. Maƙwabciyata tana kwance an cire mata nono uwar mijin ta fara zancen ya ƙara aure a gabanta wai wa zai riƙe gida. Ke ce babba Yaya, ki tsawatar tun yanzu. Da masu zuwa dubiya su zauna suna lissafa waɗanda ciwon ya kashe, a raka su ƙofa.

Yaya Babba: Na gode Allah ya bar zumunci. Mun zauna, kawunmu zai riƙe kuɗi, yaron ya dawo wajena. Saura abu ɗaya, mahaifiyar mara lafiyar na da hawan jini, ana ta cewa a ɓoye mata.

Maman Ilham: Ni an ɓoye wa tawa, a bakin 'yan biki ta ji, ta fi wata bata yiwa yayyena magana ba. Ku tambayi mara lafiyar tukun, in ta yarda a samu babban da uwar ke jin nauyinsa ya faɗa mata a zaune bayan ta sha maganinta, kuma a yi kafin gashin ya fara zuba, nawa sati biyu da allurar farko ya fara.