Me ke sa fuskar kankare ɓamɓarewa bayan hunturu?

Ɗan koyo: Assalamu alaikum malamai. A wuraren da ƙanƙara ke zuba, daɓen kankaren da ake barbaɗa wa gishiri yakan riƙa ɓarewa kamar ɓawon rogo, har tsakuwa ta leƙo. Laifin sanyi ne ko na gishiri?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Duka biyun, amma uwa uba ruwa. Kankare cike yake da ƙananan kafofi masu shan ruwa, shi kuwa ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. In kafofin sun cika taf, ba shi da wurin matsawa, sai ya tsaga siminti ta ciki. Ɓarnar ba ta dare ɗaya ba ce, yau a daskare gobe a narke ne ke cin sa.

Gishiri yana narkar da ƙanƙara, ruwan ya nutse, fuskar ta zauna a jiƙe, sanyi ya sake kama ta. Abin mamaki, ruwan gishiri tsarara, mai kamar kashi 3 cikin 100, ya fi mai kauri ɓarar da fuska. Maganin tun daga kwaɓi yake: a sa sinadarin da ke haifar da ƙananan kumfar iska, kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na kankaren, domin ruwa ya samu mafaka in ya kumbura. Kuma kada ruwan kwaɓi ya wuce lita 22 a buhun siminti mai kilo 50.

Tsohon magini: Gaskiya ne Injiniya, sai dai sau da yawa hannun mai shafe ne ke jawowa. Ruwa na kwance a saman zubi a hau gogewa, ko a yayyafa ruwa don aiki ya yi santsi. Saman nan sai ya zama ɓawo marar ƙarfi. Yawan gugar cokalin ƙarfe ma yana korar kumfar. A bar shi cikin danshi kwana 7, ya sha iska wata guda, a hunturun farko kuma yashi za a watsa, ba gishiri ba. A ba daɓen gangara, santimita 2 a kowace mita.

Ɗan koyo: To wanda ya riga ya ɓare fa?

Injiniya: In sama-sama ne, a kankare ruɓaɓɓen, a wanke, a yi sabon shafe, in ya bushe a fesa sinadarin silane mai hana shan ruwa. In kuwa ka ga jan tsatsa na fitowa ta tsaga, gishiri ya kai ga rodi ke nan. Tsatsa tana kumbura ta ture kankaren, dole a fasa har bayan rodin a goge shi kafin a cike.