Musayar waƙa: Duna da Kyalla sun tafi

Ɗan Gwarzo, Mile 12:
Jama'a yau baitina ba na raha ba ne, ƙanina ya bugo min da asuba ina tsaka da sauke kwandon tumatur wai karnukan farautata biyu da na bar masa duk sun tafi, kububuwa ta sari Duna a bakin fadama ita kuma Kyalla ta ƙi ci ta ƙi sha har ta bi shi.

Ina ɗan yaro na tsinci Duna,
A bayan juji, ido bai buɗe ba.
Ƙanzon tukunya nake jiƙa mai,
Inna ta yi faɗa, ni ban bari ba.
Rani ya yi, an busa ƙaho,
Zomo bai taɓa tsere mana ba.
Na zo Legas neman kuɗin aure,
Ga shi ko sallama ba mu yi ba.

Mai Shayi, Agege:
Haba ɗan Gwarzo, share hawaye,
Kare ne fa, ba ɗan'uwa ba.
Mu da aka kwashe wa babura,
Ba mu shimfiɗa tabarmar makoki ba.

Malam Ƙarami, Idi-Araba:
Mai shayi ka ji tsoron Allah wlh, bakinka ya fi tukunyarka zafi.

Duba Ma'ida aya ta 4,
Kamun horarren kare ba a hana ba.
Kahfin da kake ja ran Juma'a,
Samarin ba su bar nasu a baya ba.
Wani ya shayar da kare a rijiya,
Gafara ya samu, ba zargi ba.

Mai Gadi, Lekki:
Karen oga kaza yake ci,
In ba esi ba ba ya barci.
Likita gare shi, har da sabulu,
Ko ɓera bai taɓa kamawa ba.

Ku yi haƙuri amsa-amon ya ɗan karkace, ina bakin get ne. Amma na rantse wannan in ya ga gafiya ni zai ɓuya a baya.

Baba Maharbi, Alaba Rago:
Yaro ƙyale su, ba su san dawa ba.
Wanda bai kwana a kan tudu ba,
Kare na gadi, gora a hannu,
Bai san abin da ka rasa ba.
Nawa Baƙin-wake burgu ya bi rami,
Ramin ya rufta, bai fito ba.
Gemuna fari, jikoki gare ni,
Har yau ban ƙara cin burgu ba.

Akwai karya a gidanmu can Gumel ta haihu, in kana so a ajiye ma kwikwiyo.

Ɗan Gwarzo, Mile 12:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma.

Ɗaki ɗaya ne, mu shida ciki,
Mai gida ko kyanwa bai yarda ba.
A ajiye min ja in akwai shi,
Bayan girbi, in ban fasa ba,
Zan bi tirelar da ta sauke shanu,
Amma ba zan sa mai Duna ba.

Mai Shayi, Agege:
To shikenan kun taru a kaina har da ayoyi. Ɗan Gwarzo in ka tashi ka biyo ta tebur, shayi kyauta har da madara, burodi dai ka biya.