Yaya kuke sa wa aikin duwatsu farashi?

Mai duwatsu, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina haɗa jigida da sarƙa da jakunkunan duwatsu a gida, amma har yanzu sa farashi yana ba ni wahala. Jakar da na kwashe kwana huɗu ina saƙawa, da na faɗi kuɗinta sai mai saye ta ce ta ga irinta a kasuwa da rabin haka, ta yi tayin da ko uwar kuɗi bai kai ba. Don Allah, masu sana'ar hannu, yaya kuke lissafinku?

Baduku daga Daura:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Mu ma a dukanci da wannan muke fama. Kuskuren yawancinmu shi ne mu lissafa abin da muka saya kawai, mu manta da kuɗin motar zuwa Kasuwar Kurmi a Kano inda ake yin sari, da duwatsun da suka fashe ko suka zube, sannan mu bar kwanakin aikinmu kyauta. Ki fara yanke wa yininki lada. Misali, idan kaya sun ci naira 6,000, kika sa wa yini naira 2,000, to jakar kwana huɗu ta tashi 14,000 tun kafin a zo maganar riba, kuma duk tayin da ya gaza haka amsarsa ita ce albarka. Aikin da aka ba ki musamman kuwa, kada ki taɓa zare sai an ba da kafin alƙalami. Ni kayan doki biyu aka bar mini a hannu bayan Sallar Gani kafin na koyi wannan.

Uwar amarya, Katsina:
Ni mai saye ce, kuma bana na haɗa wa 'yata kayan aure. Malam, lissafinka daidai ne, amma ba duk mai taya ƙasa ce take son cutarwa ba; da yawa ba su san bambancin dutsen gilashi da na roba ba. Ƙanwata, ki ɗora mata su a tafin hannu, za ta ji na gilashi ya fi nauyi da sanyi, sannan ki nuna mata ƙullin zarenki. Ku ma ku daina ninka farashi saboda ciniki, domin shi ne ya koya mana raba kuɗi biyu.

Mai duwatsu, Ƙofar Ƙaura:
Na gode, Malam. Hajiya, gaskiya nakan ninka ɗin. Jaka uku ke hannuna yanzu, zan sa musu farashi ɗaya tsayayye in gani.