Maganin cutar Parkinson da barcinmu: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai jinyar Baba, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, ina roƙon ku faɗa mana yadda magani ya taɓa barcinku. Mahaifinmu yana da cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki, yana shan levodopa da carbidopa, wato Sinemet, kuma da rana jikinsa yana saki har ya kai kansa masallaci. Sai dai ƙarfin ƙwayar na 'yan sa'o'i ne, kafin dare ya raba ya ƙare, jikinsa ya sandare, ba ya iya juyawa a kan katifa sai an ɗaga masa kafaɗa. Da asuba yatsun ƙafarsa suna ƙanƙamewa har alwala ta gagare shi.

Hajiya, Fagge:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ni ce mai ciwon, kuma na san wannan asubar. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ke duba ni a asibitin Malam Aminu Kano ya ce in ajiye ƙwayar farko da kofin ruwa a gefen gado, in sha tun kafin kiran sallar farko, in ci gaba da kwanciya kamar rabin awa, sannan in miƙe. Ya kuma bayyana mini cewa nama, wake da nono suna rage shigar levodopa cikin jiki idan an haɗa su lokaci guda, shi ya sa nake sha minti 30 kafin abinci, ƙosai da fura kuma suka koma can da hantsi. Ka kai wa likitan Baba kukan dare, domin akwai nau'in ƙwayar da ke narkewa a hankali.

Tsohon direba, Kurna:
Hajiya, ni akasin haka na gani. Tun da aka ƙara mini pramipexole barci yake sace ni da rana ba sallama, ina tsakiyar magana kai ya faɗi. Ranar da ya ɗauke ni a kan danja da fasinja a baya na ajiye adaidaita sahu, kuma ina roƙon duk mai shan wannan magani ko ropinirole kada ya ɓoye wa likita irin wannan gyangyaɗi don tsoron rasa sana'a.

Uwargida, Ɗorayi:
Maigidana yakan yi ihu cikin mafarki, ya kai naushi, har dangi suka ce iska ce. Likita ya ce wannan daga ita cutar Parkinson ɗin ne, yakan ma riga karkarwar bayyana da shekaru. Amma ganin mutane tsaye a ɗaki ya soma ne bayan an ƙara masa Artane, ya kuma lafa da likita ya janye shi sannu a hankali. Mun sauke katifa ƙasa, mun kawar da teburin gefen gado. Amantadine kuwa idan ya sha da yamma idonsa biyu har asuba, sai aka dawo da shi safe da azahar.

Mai jinyar Baba, Gwammaja:
Na gode, iyayena. Abin da ya rage mini shi ne azumi, domin Baba ya dage sai ya yi, alhali an gargaɗe mu cewa yanke levodopa farat ɗaya yana da haɗari ƙwarai. Hajiya, yaya kika yi da ƙwayar rana a Ramadanan bara?