"Taron tsintsiya ba shara": da masu samun ceto ake ko da malalata?

Ɗan Billiri: Salama gare ku. Ranar Lahadi majami'armu ta cika maƙil, har aka jera benci a gindin dogonyaro. Mai wa'azi ya karanta Luka 13:23, inda wani ya tambayi Yesu ko masu samun ceto kaɗan ne. Sai mai wa'azin ya leƙa ta taga ya ce, "Taron tsintsiya ba shara." Wasu suka yi dariya, ni kam jikina ya yi sanyi. Wato yawancinmu ba za mu shiga ba ke nan?

Maman Tagwaye: Mu dai a Kaltungo ana faɗinta ne in ga 'yan mata biyar a tsakar gida, ga kwanuka jibge ba wanki. Faɗa ce ake yi wa malalata. Ban taɓa jin an ƙirga masu shiga sama da ita ba.

Malamin Lahadi: Mama, ai bai kauce wa nassi ba. Matiyu 7:14 ta ce ƙofar ƙunƙunta ce, masu samunta kaɗan ne. A 22:14 kuma, da yawa ake kira, zaɓaɓɓu kaɗan.

Ɗan Tula: Wasu Shaidun Jehobah sun zo shagona suka ce 144,000 ne kawai za su hau sama, sauran masu adalci a duniya za su zauna. Suka nuna mini Ru'ya ta Yohanna 7:4.

Baba Dattijo: Ɗana, da ka ce su gangara zuwa aya 9. Can Yohanna ya ga taron da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace al'umma da kabila da harshe. Ni abin da ya dame ni da karin maganar nan daban ne. Tsintsiya da shararta ake yabonta, wato aiki. Afisawa 2:8-9 kuwa ta ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, ɗakin wa ya share kafin a yi masa alkawarin Firdausi?

Malamin Lahadi: Baba, a gafarce ni, amma Yakubu 2:26 fa? Bangaskiya ba ayyuka matacciya ce. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Baba Dattijo: Wannan zomon, wani ne ya yi mana gudunsa, malam.

Ɗan Billiri: Na koma Luka ɗin yanzu. Ashe Yesu bai ba mai tambayar adadi ba sam, cewa ya yi a yi ƙoƙari a shiga ta ƙunƙuntar ƙofa. A aya 29 kuma ga mutane daga gabas da yamma, arewa da kudu. Zan tari mai wa'azin ranar Laraba bayan addu'a in ji wanne yake nufi.

Maman Tagwaye: In ka same shi, tambaye shi mutum nawa suka tsaya sharar majami'a bayan sujada. A tamu dai mu huɗu ne, duk 'yan zumuntar mata.