Neman shawara kan zaren alumina da ke gautsi bayan an gasa shi

Assalamu alaikum, malamaina. Ina bincike a wani ɗakin gwaje-gwaje a Jos kan zaren alumina (wato zaren tangaran mai jure zafi da ake yi da sinadarin aluminiyam oksayid) samfurin Nextel 610, wanda na shafe da ruwan monazayit, wato sinadarin lantanam fosfet. Da zarar na gasa shi a digiri 1200 na Salshiyos, sai ya yi gautsi har ya riƙa karyewa tsakanin yatsu, alhali wanda ban shafa wa komai ba bai lalace haka ba. Da farko na ɗora laifin a kan girman da ƙwayoyin alumina da ke cikin zaren ke yi idan sun sha zafi, amma ai wanda na shafa da wanda ban shafa ba zafi ɗaya suka sha. Shin iskar da ruwan shafin ke fitarwa ce take cin fatar zaren? Don Allah, ta yaya zan tantance?