Jirgi ya haɗu, fanel na jiran akwati guda: musayar gogewa kan ƙarancin kayan lantarkin jirgi

Mai_RV7:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tara abin da kowa ya gani game da ƙarancin kayan lantarkin jirgi, musamman ga masu haɗa ƙaramin jirgi da hannunsu a ƙarƙashin dokokin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka. Gangar jiki ta kammala, inji ya hau, amma fanel, wato allon na'urorin da ke gaban matuƙi, na nan da rami saboda tiransfonda (na'urar da ke sanar da radar wane jirgi ne) ko allon gilashi mai nuna bayanan tashi bai iso ba. Me ya fi maƙalewa? Wane aiki za a iya ci gaba da shi kafin kaya su zo? Wane madadi ne ke jawo matsala daga baya?

Injiniya_Cif:
Wa'alaikumus salam. Sai an san inda abin ya samo asali kafin a san abin da ya cancanci jira. Annobar korona ta 2020 ta hargitsa odar masana'antu, sannan a watan Oktoban shekarar gobara ta ci masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan, wadda ke yin cif ɗin sauti da wanda ake sakawa cikin TCXO, ɗan agogon da na'urar GPS da rediyo ke dogara da shi. A Fabrairun 2021 sanyi ya tsayar da masana'antun Samsung da NXP da Infineon a Austin ta jihar Texas, a Maris kuma wata gobara ta tashi a masana'antar Renesas ta Naka. Ƙananan cif masu sarrafa na'ura irin STM32 suka koma ana jiransu shekara guda ko fiye.

Kamfanin kayan jirgi ba babban mai saye ba ne. Abin da yake buƙata a shekara, mai ƙera mota ko wayar hannu zai cinye shi cikin kwanaki, don haka shi ne a ƙarshen layi. Kuma ba ya iya musanya cif da wani haka kawai. Sai an sake zana allon da'ira, an gyara manhaja, an maimaita gwajin zafi da jijjiga da katsalandan na lantarki bisa ƙa'idar gwaji ta DO-160, in kuma akwatin mai shaidar TSO ne, wato amincewar FAA, ga aikin takardu. Shi ya sa za ka ga allo yana nan a kanta, amma ɗan akwatin da ke ba shi bayanin tsayi da gudu babu. Duk abin da ke ɗauke da GPS ko rediyo a ciki, shi za a fara yi wa oda.

Tsohon_Makaniki:
Gaskiyar Injiniya ce, amma kada a ji haka a ruga a saye komai tun ana buga ƙusoshin wutsiya. Akwai kayan da agogonsu ke tafiya ko suna cikin kwali. Batirin ELT, na'urar da ke aika siginar neman ceto in jirgi ya faɗi, yana da ranar ƙarewa a jikinsa, dokar FAA ta 91.207 kuma ta ce a canza shi idan rabin rayuwarsa ya wuce ko an yi amfani da shi awa guda jimilla. Wanda ya saye shi shekara uku kafin tashin farko ya zubar da shekara uku. Haka batirin ko-ta-kwana na allo: litiyam da aka bari babu caji yana lalacewa a zaune. Garanti ma a tambayi dila a rubuce, daga ranar saye yake farawa ko daga ranar tashin farko. Allon gilashi kuma shi ya fi saurin tsufa, sabon samfuri na iya fitowa kafin ka kunna naka.

Abin da ya dace a saya da wuri shi ne wanda ake binnewa cikin jiki: maƙalan sarbo (ɗan injin da otofailot ke motsa tuƙi da shi), bututun pitot mai auna gudun iska da maƙalinsa, mazaunin na'urar kamfas ta lantarki, eriya da farantin ƙarfafa ta, waya da bututun waya. Waɗannan ba sa tsufa, kuma saka su bayan an rufe fiffike azaba ce.

Mai_Waya:
Bari in daɗe a kan waya, domin nan ne mafi yawan aikin yake, kuma ba ya buƙatar akwatin ya iso. Kusan kowane akwati ana sayar da kayan haɗinsa daban: soket, murfin baya, fil, wani lokaci da tire. Waɗannan sukan samu ko da akwatin babu. Littafin girkawa na allon G3X Touch na Garmin da na SkyView na Dynon suna shafin kamfanonin kyauta, da zanen kowane fil da awon kowane rami. Da su za ka gama dukkan damin waya a kan tebur.

Ga yadda ake yi. A yanka katako ko kwali mai kauri daidai girman kowane akwati, har da tsawon soket a bayansa, a ɗaura shi a inda na gaskiya zai zauna. Nan ne za ka gano cewa GTN 650, akwatin GPS da rediyo na Garmin, da soket ɗinsa ya haura inci 11 a zurfi, kuma a jiragen haɗin hannu irin RV sai an yanka fanel na ciki. Gara a gano da katako. A bar rarar waya kamar inci 6 zuwa 8 a kowane soket, yadda za a iya jawo shi waje a yi aiki. A sa wa kowace waya suna a bakinta biyu da robar nan mai tsukewa da zafi. Bayan wata takwas ba wanda zai tuna wace farar waya ce ta ina.

Sai CAN bus na Garmin, layin da akwatuna ke musayar bayanai ta kansa, wanda ya fi kama masu jiran kaya. Layi ne guda mai waya biyu, daga akwati zuwa akwati, da rezista ta om 120 a kowane ƙarshe. In ka kashe wuta ka auna tsakanin wayoyin biyu, CAN-H da CAN-L, mita ta nuna kusan om 60. Sarbon GSA 28 yakan zauna a ƙarshen layi, kuma rezistarsa a cikinsa take, da ɗan gada a soket ake kunna ta. To idan sarbo bai iso ba, ƙarshen nan a buɗe yake, mita ta nuna 120, sai ka ga akwatuna suna ɓacewa daga allo suna dawowa, ka zaci sabon kaya ne ya zo da lahani. Garmin na da adaftar da ake toshewa a madadin sarbon, ko ka sa rezista ta wucin gadi. Akwatin da ke tsakiyar layi kuwa, a tabbata wayoyin shiga da fita sun haɗu a soket ɗinsa, kada rashinsa ya yanke layin gida biyu. Soket ɗin da ba a toshe ba a rufe bakinsa, a cire fiyus ɗinsa, a ɗaure shi kada ya riƙa lilo kusa da sandar tuƙi.

Matuƙiya_CH750:
Malam Mai_Waya ya kawo mu inda nake so. Mutane da yawa ba su san cewa ba lallai a jira cikakken fanel kafin tashin farko ba. Matakin gwaji na farko, awa 40, ko 25 idan inji da farfela haɗin da aka riga aka amince da shi ne, da rana ake yin sa cikin sararin sama mai kyau. Tiransfonda da ADS-B Out, tsarin da ke watsa wurin da jirgi yake, wanda ya zama dole tun 1 ga Janairun 2020, ana buƙatar su ne a sararin sama na rukunin A da B da C, da cikin zagayen mil 30 na manyan filayen jirgi, da sama da ƙafa 10,000. Idan yankin gwajinka yana wajen waɗannan, doka ba ta hana ka tashi ba. A zauna da jami'in da zai duba jirgin tun kafin a tsayar da yankin gwaji, a kuma karanta takardar iyakokin aiki da zai bayar, domin ita ce ke mulkin jirginka. Tashin dare da na cikin gajimare suna buƙatar kayan da 91.205 ta lissafa.

Ƙaramin allo guda irin G5 ko AV-30, wanda ke shiga ramin inci 3 da 1/8, ya isa ya ba ka gudu da tsayi da karkata, daga baya ya zama na ko-ta-kwana. Abin da ban yarda a yi sassauci a kai ba shi ne awon inji. Sabon inji yana buƙatar a ga zafin kowace silinda da matsin mai tun daga minti na farko.

Tsohon_Makaniki:
Hajiya, doka ta yarda, amma a duba cunkoson wurin. Sabon jirgi, matuƙi idonsa na kan zafin silinda, babu tiransfonda da za ta nuna shi a allon wasu. A fili mai yawan ɗalibai ni dai zan jira.

Mai_Waya:
Kan madadi kuma. Fil na soket irin D-sub ya yi wuya a wani lokaci, mutane suka koma na kasuwar kwamfuta. Na jirgi ferarre ne daga dunƙulen ƙarfe: M39029/63-368 mace da M39029/64-369 namiji ga soket na yau da kullum, M39029/58-360 ga mai fil a cushe. Ana matse su da filayar AFM8 da madaidaicin kai, K13-1 ga na soket na yau da kullum, K42 ga namijin mai cushewa. Na arha lanƙwasasshen gwangwani ne, filayar nan ba ta kama shi daidai, zai wuce gwajin mita yau, ya saki bayan jijjigar inji. Ka matse guda, ka ja da hannu sosai, ka leƙa ɗan ramin gefe ka ga zaren waya a ciki. Idan jaka ta zo babu lambar rukuni, ko zoben launi na jikin fil yana gogewa da yatsa, a ajiye ta gefe.

Waya kuma M22759/16 ce, mai sulke M27500. Wayar mota mai rufin PVC tana narkewa da wuri, hayaƙinta guba ne a cikin ɗakin tuƙi. Idan lamba 22 ta ƙare ana iya hawa zuwa 20 mai kauri, ba a sauka zuwa wadda ta fi siranta, sai dai fil na soket mai cushewa ba ya karɓar 20. Bireka tana kare waya ce: amfiya 5 ga lamba 22, 7.5 ga 20, 10 ga 18, kamar yadda takardar FAA ta AC 43.13-1B ta tsara. Kada don ta 5 ta ƙare a ɗora ta 10 a kan siririyar waya. Wayar eriya RG400, musamman ga tiransfonda da GPS.

Injiniya_Cif:
Na'urorin awon inji ma haka. Kowace irin na'ura da lissafinta a cikin manhaja. Mai auna matsi na Kavlico yana fitar da bolt 0.5 zuwa 4.5, amma akwai na psi 15, akwai na 75, akwai na 150, duk kamarsu ɗaya. Sa wani a gurbin wani ba tare da canza saiti ba, allo zai nuna lamba mai kyan gani wadda ƙarya ce. Mai auna zafin silinda akwai nau'in J akwai nau'in K, kuma wayar ƙarin tsawo dole ta zama irin nau'in. Mai auna kwararar fetur FT-60 yana ba da bugu 68,000 a galan, na Floscan bai kai rabin haka ba. Wanda ya musanya bai gyara lambar ba, lissafin ragowar fetur ɗinsa ya tashi daga aiki.

Dillalin_Hanga:
Kayan hannu su ne mafitar da yawa, sai dai in ka ga rami ka auna zurfinsa kafin ka zura ƙafa. A nemi lambar jikin akwatin a tambayi kamfani ko yana gyara shi har yanzu. A farkon 2024 Garmin ya sanar cewa wasu sassan tsofaffin akwatunansa na GPS, GNS 430 da 530, sun ƙare, ba kowace lalacewa zai iya gyarawa ba, musamman gilashin 430. A tabbata tire da farantin baya da soket suna cikin cinikin, domin sau da yawa an bar su a tsohon jirgin, kuma nemansu daban ya fi neman akwatin wuya. Ƙarancin ya kuma haifar da 'yan damfara masu ɗora hoton kayan wani. A ce mai sayarwa ya kunna akwatin a bidiyo, lambar jiki a bayyane, a biya ta hanyar da ake iya dawo da kuɗi.

Tiransfonda ta hannu tana zuwa da lambar shaida ta Mode S ta tsohon jirginta. Sai an saka taka, wadda ke rataye da lambar rajistarka ta N, in ba haka ba kana yawo a sama da sunan wani. Bayan girkawa a yi gwajin 91.413, wanda ake maimaitawa duk wata 24, a tashi, sannan a nemi rahoton PAPR daga FAA, mai nuna ko ADS-B ɗinka na aiki daidai, kyauta ne. Masu komawa ADS-B irin 978 UAT saboda irin 1090 ta yi wuya su sani cewa a Amurka kawai take aiki, kuma ƙasa da ƙafa 18,000.

Mai_RV7:
Na gode ƙwarai. To wanda ya gaji da jira, ya sauya daga wannan kamfani zuwa wancan fa?

Mai_Waya:
Yallaɓai, ba allo kaɗai zai canza ba. Garmin CAN yake amfani da shi, Dynon kuma nasa layin ne mai soket na fil 9. Sarbo, kamfas, akwatin inji, ramin fanel, duk daban. In an gama damin waya, sauyawar takan fi jiran tsawo. Wanda bai yanka fanel ba tukuna ya yi firam guda da faranti uku na alminiyam mai kaurin inci 0.063, hagu da tsakiya da dama, kowanne da sukurori. Jerin rediyo a bar shi a faɗin inci 6.25 da aka saba. In abu ya canza, faranti guda za a sake.

Matuƙiya_CH750:
Ranar da akwatin ya iso kuma, kada a toshe a tashi. Wanda aka ƙera da sabon cif yakan buƙaci sabuwar manhaja, don haka a fara sabunta allon, ta katin SD a Garmin ko filashi a Dynon, shi zai tura wa sauran. A auna wuta da ƙasa a soket da mita kafin a toshe. A sake saita kamfas, tunda an ƙara ƙarfe da waya mai ɗauke da wuta. In an taɓa bututun pitot ko na static mai auna tsayi a yi gwajin yoyo. A gyara lissafin nauyi da daidaito, musamman idan sarbon wutsiya ne aka ƙara, domin nisansa daga tsakiya yana da yawa, sannan a rubuta komai a littafin jirgi da kwanan wata da lambar jikin akwatin.